Faso a dunduniya: maganin gargajiyar Indiya yana aiki?

Tambaya: Malam, duk hunturu dunduniyata sai ta tsage, har wani lokaci jini ya fito. Wata ƙawata da ta yi karatu a Indiya ta ce maganinsu na Ayurveda yana kawar da faso. Shin haka ne?

Amsa: Malama, ƙawarki tana da gaskiya, amma da sharaɗi. Masana Ayurveda suna kiran faso Padadari, wato tsagewar ƙafa, kuma tsohon littafinsu Sushruta Samhita ya sanya shi cikin ƙananan cututtuka, yana danganta shi da yawan tafiya a ƙafa da rinjayen abin da suke kira vata, ɗabi'ar bushewa da sanyi a jiki. Likitancin zamani ma bai yi nisa da wannan ba, domin tafin ƙafa ba shi da ƙwayoyin da ke samar da maiƙo, saboda haka idan fatar ta yi kauri ta bushe, nauyin jiki ya danne ta, sai ta dare.

Ginshiƙin maganinsu maiƙo ne. Suna narka kakin zuma da man shanu ko man riɗi, su zuba garin sarjarasa, wato ƙaron wata bishiya, su cike tsagar da shi. Mutanen gaɓar Konkan a yammacin Indiya kuwa man kokum suke shafawa, mai ne mai tauri da ke narkewa da ɗumin fata, kuma man kaɗanya yana iya maye gurbinsa. A ganina kakin zuman shi ne sirrin haɗin, domin shi ke toshe fata ya hana danshi fita.

Ki jiƙa ƙafa cikin ruwan ɗumi na minti 10 zuwa 15 da daddare, ki goge kaushin da dutse a hankali ba tare da kin taɓa bakin tsagar ba, ki tsane ta, ki shafa haɗin kakin zuma kashi 1 da man riɗi kashi 3 tun fatar tana da laushi, sannan ki sa safa ki kwanta. Kada ki kusanci reza. Masana Ayurveda kuma suna dandaƙa ganyen darbejiya da kurkum su shafa, sai dai ban yarda a sa shi a inda ke zubar da jini ba.

Sharaɗin da na ambata shi ne ki haɗa naki a gida, domin wani bincike da aka buga a Amurka a 2004 ya gano dalma ko wasu ƙarafa masu guba a cikin kusan kashi 20 cikin 100 na magungunan Ayurveda da aka saya a shagunan Boston. Idan kuma kina da ciwon sukari, ko tsagar ta kumbura, ta yi ja, ko tana fitar da mugunya, to ki bar maganin gida ki je asibiti a duba ƙafar a ranar.