Allon Android a Mota ko Rediyo Irin ta Da? Amsoshin Tambayoyinku

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan abu guda suka taru: allon nan mai Android da ake cire rediyon mota a dasa a gurbinta. Ga waɗanda na zaɓo.

Wani Alhaji daga Jega: Corolla gare ni, rediyonta ta daina karanta CD. Wasu sun ce in sa allon Android, wasu sun ce in sayi Pioneer ko Sony mai Bluetooth. Wanne ya fi?

Alhaji, in dai abin da kake so shi ne labaran safe, karatun Alƙur'ani, tafsiri, da amsa kira ba tare da ka riƙe waya ba, to sayi rediyo mai Bluetooth da wurin sa filashi, ka huta. Kana murɗa makulli ta kama. Tana da maɓallin da hannunka zai laluba ya rage murya idonka na kan hanya. Ga ta da jimirin zafi, wanda a wurinmu shi ne magana.

Shi allon Android kwamfuta ne sukutum, da ƙwaƙwalwarsa da ma'ajiyarsa, an cusa shi cikin rami a gaban mota inda iska ba ta ratsawa. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kebbi yakan haura digiri 40 a inuwa. Motar da aka rufe gilasanta aka bari a rana tun hantsi har azahar, saman dashbod ɗinta ko tafin hannu ba ya iya zama a kai. A nan ake so wannan kwamfuta ta tashi ta yi aiki. Shi ya sa za ka ga allon yana sandarewa, ko ka taɓa nan ya amsa can, ko ya mutu ya sake tashi da kansa. Masu arha ma ko 'yar fankar sanyaya ciki ba a sa musu ba.

Amfanin allon Android na gaske biyu ne, kyamarar ribas da taswira. In kana buƙatarsu, akwai hanya ta uku wadda ita nake ba kowa shawara: rediyo mai allo ta sanannen kamfani, mai CarPlay ko Android Auto. Apple ya fito da CarPlay a 2014, Android Auto na Google kuma ya shiga motoci a 2015. A wannan tsari wayarka ce ke yin aikin, allon nunawa kawai yake yi, don haka ranar da ka sake waya motar ma ta sabunta. Kada mai shago ya rikita ka, allo mai Android daban, Android Auto daban.

Kafin ka ba da kuɗi ka duba ramin. Mai hawa ɗaya faɗinsa milimita 180 ne, tsayinsa 50, mai hawa biyu kuma tsayinsa 100. Wasu motocin sai an haɗa da firam ɗin da aka yi don su.

Wani ɗalibi daga Gusau: Na sayi allo an rubuta RAM 4, ma'ajiya 64, Android 13, amma ko taswira na buɗe sai ya yi ta jan ƙafa.

Ƙanena, kai da kake jami'a ka yarda da rubutun kwali? Irin waɗannan alluna marasa suna, abin da shafin saitin ke nunawa rubutu ne da mai haɗa na'urar zai iya sauyawa yadda ya ga dama. Sauke manhajar AIDA64, mai nuna abin da ke cikin na'ura, ka duba lambar API, wadda ke nuna ainihin Android ɗin da ke ciki. Android 13 na gaskiya 33 yake nunawa. In ka ga 29, Android 10 ne. In 27 ne, to 8.1 aka sayar maka da sabuwar riga. Ita ma'ajiyar, loda mata manyan fayiloli ka ga inda za ta ce ta cika. In shagon na karɓar kaya, mayar. In ba ya karɓa, goge duk manhajar da ba ka amfani da ita, ka bar taswira da abin sauraro.

Kuma kada ka shigar da babban asusunka na Google ko manhajar banki a ciki. Yawancin waɗannan alluna ba a aiko musu da gyaran tsaro, ga mota tana yini a gareji da wurin wanki a hannun mutane. Buɗe wani asusun daban na mota kawai.

Wani direban haya mai jigilar Birnin Kebbi zuwa Yauri: Sabon allon da na sa, da zarar na sauke birkin hannu sai fim ya ɗauke, sauti kawai ke fita. Na abokaina ba ya haka. Yaya zan gyara?

Malam direba, naka ne lafiyayye, na abokanka ne aka lalata. Kuma ba zan gaya maka yadda ake yi ba, ko ka sake aiko saƙo sau nawa.

Da gangan aka yi shi haka. A bayan rediyon akwai wata siririyar waya da ake haɗawa da birkin hannu, ita ke gaya wa allon cewa mota a tsaye take, sannan ya yarda ya nuna hoto. Wasu masu wayarin sai su yi mata dabara don mai mota ya ji daɗi ya ƙara musu na goro. Wanda ya haɗa maka naka yadda ya kamata, ka koma ka yi masa godiya.

Zo mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Ka kai ido kan allo na daƙiƙa huɗu, don ka ga wa ya mari wa, ka shafe sama da mita 110 ba ka ga kwalta ba. Ya zarce tsawon filin ƙwallo. Kai ka fi ni sanin abin da ke tsakanin Kalgo da Jega, da Jega zuwa Koko har Yauri: tirelolin da ke cin tsakiyar hanya, garken shanu da ke tsallakawa ba sallama, raƙumi da kaya, ɗan kabu-kabun da ke fitowa daga gona ba ya waiwaye, ramin da ba ya nan makon jiya, yara a bakin ƙauye ranar kasuwa. Wanne daga cikinsu zai jira ka gama kallo?

Na san amsar da kuke bayarwa: "Ai ba ni ke kallo ba, fasinjoji ne." Wannan magana ba ta da tushe. Idon ɗan Adam yana bin motsi da haske ko bai yi niyya ba. Allon yana gefen sitiyari, tsawon hannu daga fuskarka, fasinja ya ƙyalƙyale da dariya, dole ka saci kallo. Da dare abin ya fi muni, domin hasken allon yana ƙanƙance ƙwayar ido, in ka mayar da kallo kan hanya sai ka ɗan ɗauki lokaci kafin ka rarrabe mutum da kututture. Mai keken da ba shi da fitila a wannan ɗan lokacin ake taka shi.

Wasu kuma cewa suke yi fim ɗin ke hana su gyangyaɗi. In barci ya kama ka, maganinsa ka faka ka runtsa, ka wanke fuska, ka sha shayi. Direban da ke buƙatar fim don idonsa ya zauna a buɗe ya riga ya wuce lokacin da ya kamata ya tsaya.

Abin da ke ci mini rai shi ne, mutanen da ke bayanka ba su da zaɓi. Tsohuwa ta biya kuɗin mota za ta je duba jikanta a asibiti, mai jego da jariri a cinya, ɗan makaranta zai koma hutu. Sun miƙa maka amanar rayukansu saboda sun ɗauka idonka na kan hanya. Hukumar kiyaye haɗurra ta hana riƙe waya ana tuƙi, kuma dalilin hanin bai sauya ba don allon ya fi waya girma ko don an ɗaure shi da kusoshi. In ka damu da nishaɗin fasinja, akwai allon da ake maƙalawa a rufin mota ko bayan kujera, inda kai ba ka ganinsa. In ba haka ba, sa musu wa'azi ko waƙa, kunne ya ishe su.

Ku ma fasinjoji, in kun shiga mota kun ga fim na gudana a gaban direba, ku yi magana tun a tasha. Kada kunya ta hana ku.

Wata Hajiya daga Argungu: Tun da aka sa mini allon, in motar ta kwana biyu ba a tashe ta ba sai an tura.

Hajiya, ba batir ba ne, kada a sa ki sayen sabo tukuna. A bayan allon, wayar wuta mai ruwan ɗorawa ita ke zuwa batir kai tsaye, ja kuma sai an murɗa makulli take samun wuta. Mai gaggawa yakan murɗe su wuri guda ya naɗe da salatif, sai allon ya kwana yana shan wuta. A raba su. In an tarar daidai suke, a shiga saiti a kashe barcin da allon ke yi don ya tashi da sauri. Nan gaba kuma kada ki bari a yanka wayoyin mota, a sayi soket ɗin da ya dace da ita.

Daga Talata Mafara: Maɓallan sitiyarina sun daina aiki.

Ko dai ba a sa ɗan akwatin CANbus mai kai saƙon maɓallan sitiyari zuwa allon ba, ko an sa ba a zaɓi samfurin motarka a saiti ba. A tsofaffin motoci kuma koya wa allon maɓallan ake yi ɗaya bayan ɗaya. Koma wurin wanda ya haɗa, aikinsa ne bai ƙarasa ba.

Wani ɗan kasuwa daga Ƙauran Namoda: Taswirar za ta yi aiki inda babu sabis?

Za ta yi, in ka shirya. GPS daga tauraron ɗan Adam yake karɓa, ba ruwansa da layin waya. Hoton taswirar ne ke buƙatar data. Buɗe Google Maps inda akwai intanet mai ƙarfi, ka sauke yankin da kake bi ya zauna a ciki. Duk wanda ya zauna a Zamfara lokacin da aka rufe layukan waya a Satumbar 2021 bai kamata a tuna masa wannan ba. Amma taswira gajeriyar hanya ta sani, ba ta san wadda ke da lafiya yau ba. Wannan a tasha ake tambaya, kafin a tashi.

Daga Zuru: Rediyon motata ba ta wuce 90 a FM.

Ta kasuwar Japan ce, tsofaffin rediyoyinsu daga 76 suke farawa su tsaya a 90, tamu kuwa daga 87.5 zuwa 108. Akwai ɗan abin da ake sawa a wayar eriya ya matso da tashoshin, amma lambobin za su rikice. Sauya rediyon ya fi sauƙi.