Ɗana yana fashin makaranta, yana kuma sulalewa daga aji: wane hukunci ke jiransa?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ina da yaro ɗan shekara 15, yana shekararsa ta farko a babbar sakandaren gwamnati. Kullum da safe yakan saka kayan makaranta, ya ɗauki jakarsa ya fita, ban taɓa kawo komai a raina ba. Sai makon jiya aka aiko mini da takarda cewa ya yi fashin kwana 11 a wannan zangon, ban da ranakun da yake zuwa a kira suna ya amsa, sannan ya sulale kafin a tashi. An ce in zo ranar Litinin, kuma in ya sake za a dakatar da shi. Mahaifinsa ya ce ko dai ya yi masa dukan da ba zai manta ba, ko ya cire shi ya kai shi koyon sana'a. Don Allah wane hukunci ake yi wa irin wannan laifi? Za su iya korarsa gaba ɗaya? Da gaske ne har iyaye ake kamawa?

Wata uwa

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya shirya mana shi, ya sanyaya miki zuciya. Na san abin da ya fi ci miki rai shi ne yadda kike sallamarsa kowace safiya alhali ba inda kike zato ya nufa ba. Ki kwantar da hankalinki: da wuya a kori ɗalibi daga makarantar gwamnati a kan takardar farko. Ki je ranar Litinin, in da hali ku je tare da maigida da yaron kansa.

Kowace ƙasa da dokarta, kowace makaranta da ƙa'idarta, amma tsarin kusan ɗaya ne ko'ina. Da farko ana raba fashi gida biyu: mai uzuri, kamar rashin lafiya ko rasuwa, wanda iyaye suka sanar, da marar uzuri, irin na ɗanki. A kan na biyun ake hawa matakan horo. Malamin aji ya ja kunne, sai a tsare yaro bayan an tashi ko a ba shi aikin horo, sai a kira iyaye a sa hannu a takardar alkawari. In abin ya ci gaba a cire shi daga wasanni da tafiye-tafiyen makaranta, a dakatar da shi na wasu kwanaki, daga nan a hana shi makin darasin ko a sa shi maimaita aji. Cire suna daga rajista shi ne ƙarshe, kuma yawanci sai yaro ya ɓace na tsawon lokaci a jere. Akwai kuma wanda ba a cika rubuta shi a takarda ba, alhali shi ne ya fi saurin kama ɗalibi: duk gwajin da aka yi ba ya nan ba tare da uzuri ba, makarantu da dama sifili suke saka masa. Ki roƙi a ba ki ƙa'idar makarantar a rubuce, ki nemi adadin kwanakin da in ya kai za a hana shi zama jarrabawa. A jihar Texas ta Amurka, alal misali, doka ta ce sai ɗalibi ya halarci kashi 90 cikin 100 na zaman kowane darasi kafin a ba shi makinsa, in ba haka ba sai ya cike gurbin ta hanyar da makaranta ta tsara. Darasi-darasi ake ƙirgawa, don haka yaro zai iya cin jarrabawar lissafi amma ya rasa makin saboda kujerarsa ta cika zama babu kowa.

Maganar kama iyaye kuwa gaskiya ce a wasu ƙasashe, matuƙar yaron bai wuce shekarun karatun dole ba. A Ingila, tun daga watan Agustan 2024, in yaro ya yi fashin kwana 5 babu uzuri cikin mako 10 na karatu, ana iya cin kowane ɗaya daga cikin iyayensa tarar fam 80, wadda ke komawa fam 160 in ba a biya cikin kwana 21 ba. In magana ta kai kotu tarar na iya kai fam 2,500, ko ɗaurin da bai wuce wata 3 ba. Amma ki lura da inda wasu suka gwada tsanani suka dawo daga rakiyarsa. Faransa ta yi doka a 2010 ta dakatar da kuɗin tallafin iyali ga gidan da yaronsu ke yawan fashi, sai aka soke ta a 2013. Texas ta daɗe tana gurfanar da yaran da kansu a matsayin masu ƙaramin laifi, ana cin su tarar da ta kai dala 500, har a 2015 majalisar jihar ta cire fashin makaranta daga laifuffukan da ake hukunta yara a kansu, ta wajabta wa makarantu su fara neman gyara kafin su kai ƙara. Ko a inda dokar ke da ƙarfi, kotu matakin ƙarshe ce, ta iyayen da aka yi ta kira suka yi kunnen uwar shegu. Ki tambayi hukumar makarantar abin da dokar wurinku ta tanada, amma uwar da ta amsa kira ba ita ake nema da sammaci ba.

Ni abin da ya fi tayar mini da hankali ba ya cikin wannan takarda. A 2007 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Chicago a Amurka, Elaine Allensworth da John Easton, sun bi diddigin ɗaliban makarantun gwamnati na birnin tun daga shekararsu ta farko a babbar sakandare, daidai inda ɗanki yake yanzu. Cikin waɗanda fashinsu bai kai kwana 5 a rabin shekara ba, kashi 87 cikin 100 sun kammala a kan lokaci. Masu fashin kwana 5 zuwa 9, kashi 63. Masu kwana 10 zuwa 14, kashi 41 kawai. Ba don in tsorata ki na kawo wannan ba, kuma alƙaluman wani birni ba su ne ƙaddarar ɗanki ba. Na kawo su ne don ki ga cewa kwana 11 ba ƙaramin abu ba ne, kuma shekarar farko ita ce lokacin da ya kamata a tare abin.

Yadda ɓarnar ke tafiya sananne ne ga duk wanda ya taɓa riƙe alli. Lissafi da kimiyya da harshe gini ne, kowane darasi a kan na jiya yake zaune. Yaro ya yi fashin kwana 2, ya dawo ya tarar an wuce shi. Malami ya jefo tambaya, ya kasa, aji ya yi dariya. Gobe in lokacin darasin ya zo sai ya ji ƙafarsa ta yi nauyi. Ya sake fashi don guje wa kunyar, giɓin ya ƙara faɗi, kunyar ta ƙaru. Cikin 'yan makonni yaron da ya fara da wasa ya koma wanda ke ganin shi da karatu sun raba gari. Shi ya sa masana ke kiran ɗalibi mai fashi na kullum da zarar ya rasa kashi 10 cikin 100 na ranakun karatu, da uzuri ko babu. A shekarar karatu mai kwana 180, kwana 18 ke nan, wato kamar kwana 2 a kowane wata. Gida ba ya ganin kwana 2 a wata a bakin komai.

Sai batun sulalewa bayan kiran suna, wanda nake so ki fi mayar da hankali a kai. Wani bincike da Camille Whitney da Jing Liu suka wallafa a 2017 kan wata babbar gundumar makarantu a jihar Kalifoniya ta Amurka ya nuna cewa darussan da ake asara ta hanyar fashin wani ɓangare na yini sun kai yawan waɗanda ake asara ta fashin yini sukutum. Da aka sa su cikin lissafi, ɗalibai masu fashi na kullum suka tashi daga kashi 9 zuwa kashi 24 cikin 100. Ke nan 11 ɗin da aka rubuto miki wataƙila rabin labarin ne. Amma sulalewa tana da wani amfani a wurinmu, domin tana barin sawu. Ki ce a nuna miki wane darasi yake gudu, wace rana, da wane lokaci. Ruwa ba ya tsami banza. In darasi ɗaya ne kullum, to ko dai ya daina ganewa, ko akwai abin da ya shiga tsakaninsa da malamin. In bayan hutun tsakiyar yini yake ɓacewa, ki nemi su wa yake fita da su, ko wa yake gudun haɗuwa da shi. In kuma ranakun da ya makara ne yake fashi, to tsoron horon bakin ƙofa ne: na sha ganin yaran da suka makara da minti 10, suka hango ana tare 'yan makara, suka juya, makarar minti 10 ta zama asarar yini guda.

Game da dakatarwar da aka yi barazana da ita, zan faɗa miki ra'ayina ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Dakatarwa tana da muhallinta, ga yaron da zamansa ke cutar da wasu. Amma a hukunta wanda ya ƙi zuwa makaranta da hana shi zuwa makaranta, gyaran gangar auzinawa ne. An ba shi abin da yake nema da hatimin hukuma, an ƙara masa kwanakin giɓi, an kuma miƙa shi ga waɗanda yake yini da su a waje. Ba ina cewa a ƙyale shi ba. Yaro ɗan 15 da ya yi makonni yana yaudarar mahaifiyarsa dole ya ga sakamakon abin da ya yi. Sai dai horon ya zama mai mayar da shi aji: ya tsaya bayan an tashi ya rama darussan da ya tsallake, ya riƙa ɗaukar takarda kowane malami ya sa hannu a ƙarshen darasinsa, ki gani da yamma. In sun dage sai an dakatar, ki roƙi ya yi kwanakin a cikin makaranta, a wani ɗaki daban, da aikinsa a gabansa. Ki yi maganar cikin ladabi. Yawancin shugabannin makarantu suna karɓar irin wannan roƙo in sun ga gida ya tsaya.

Abu ɗaya kuma kada ki baro ofishin ba ki nema ba: a riƙa sanar da ke a ranar da bai shiga aji ba, ba a ƙarshen zango ba. Wannan ƙaramin abu an gwada shi. A birnin Filadelfiya na Amurka, masu bincike Todd Rogers da Avi Feller sun riƙa aika wa iyayen ɗalibai fiye da 28,000 wasiƙu, kuma waɗanda aka riƙa faɗa wa ainihin adadin kwanakin da ɗansu ya yi fashi, yawan fashin kullum ya ragu a cikin 'ya'yansu da kashi 10 cikin 100 ko fiye. Sun gano cewa iyaye da yawa suna zaton fashin bai kai yadda yake ba. A jihar West Virginia ta Amurka kuma, masu bincike Peter Bergman da Eric Chan sun sa ana tura wa iyaye saƙon waya kowane mako kan darussan da aka tsallake da aikin da ba a yi ba. Halartar aji ta ƙaru da kashi 12 cikin 100, faɗuwa a darussa ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. In makarantarku ba ta da irin wannan tsari, lambar malamin aji ma ta isa.

Ki isar mini da gaisuwa ga maigida. Fushinsa na uba ne, kuma yana kan gaskiya da ya ɗauki abin da girma. Amma ina roƙonsa ya ajiye bulalar. Duka zai iya kai yaron bakin ƙofar makaranta, amma in tsoro ko kunya ne ke korarsa, zai ƙara ƙwarewa ne wajen ɓoyewa, kuma ba za ku sake jin gaskiya daga bakinsa ba. Sana'a kuwa abin alfahari ce, bai kamata a mayar da ita horo ba. Wanda aka kai ta cikin fushi da halin fashinsa zai tafi. In yana da sha'awarta, ya haɗa da karatun, a yanke shawarar bayan hankula sun kwanta.

Kafin Litinin ki zauna da shi ku biyu, ba a gaban ƙannensa ba. Kada ki fara da "me ya sa", domin amsar ita ce shiru ko "ba komai". Ki tambaye shi ina yake yini, da wa, wace rana ya fara, me ya faru a makon. In ya yi shiru ki jure, kada ki cike masa gurbin da faɗa. Ki sa ya karanta miki shafi ɗaya daga littafinsa da ƙarfi, don akwai yaran da ke kai wa babbar sakandare suna ɓoye raunin karatu. Ki bincika ko yana ganin allo sosai, da ƙarfe nawa yake barci, ko wayar na kwana a hannunsa. In kin ga ya rame, ya daina walwala, ya janye daga abin da yake so a da, ko kin ga alamar shaye-shaye ko kuɗin da ba ki san tushensu ba, ki kai shi ga likita ko mai ba ɗalibai shawara a makarantar ba tare da jira ba. In ya ce wani na cin zalinsa, ki gaskata shi tukuna, ki kai maganar gaban shugaban makaranta a wannan zaman na Litinin.

Ku tashi daga zaman da abu uku a rubuce: jerin gwaji da aikin da ya wuce shi da ranar da zai rama, sunan malami ɗaya da zai riƙa gani kowace safiya, da ranar da za ku sake haɗuwa bayan mako 2 a duba rajista tare.