Zanen jerin shekaru a PowerPoint

Malama, kin ce kina son jera abubuwan da suka faru shekara-shekara a kan layi ɗaya, kuma ba ki da manhajar zane. PowerPoint ɗin da ke kwamfutarki ya wadatar.

Fara rubuta abubuwan a takarda da shekarunsu, ki tace su zuwa bakwai ko takwas. Sannan ki shiga Insert, ki zaɓi SmartArt, ƙarƙashin Process akwai Basic Timeline, wato shiryayyen layi mai ɗigogi da za ki rubuta shekarun a kansu. Amma fa ki lura, yana jera ɗigogin ne daidai wa daida: tazarar 2010 zuwa 2011 za ta yi tsawo ɗaya da ta 2011 zuwa 2020. Wannan yana ruɗar mai kallo, kuma nan aka fi yin kuskure. Ni na fi son jan layin da kaina, ina danne da Shift don ya miƙe sak, in ba kowace shekara santimita ɗaya, sannan in ɗora ɗigogin.

Kar ki cika rubutu, kalma huɗu ko biyar sun ishi kowane ɗigo. Ki mayar da shi PDF kafin ki aika, kada zanen ya wargaje a wata kwamfutar. In babban allo za a buga, ki nemi ƙwararren mai zane ya daidaita girman tun farko, kada hotunan su dushe.