Tambaya da Amsa: Shin cin kuben bawul ya isa ya hana ni sayen wannan mota?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na sami Corvette Z06 ƙirar 2009 ta hannu, ina son saye. Mai ita ya ce ba ta hayaƙi, ba ta shan baƙin mai, kuma na saurari injin da kunnena, lafiya lau yake. Amma wani abokina ya tsorata ni, wai irin wannan inji kuben bawul ɗinsa kan cinye, bawul ya karye ya faɗa ciki. Gaskiya ne? In saya ko in haƙura? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka bai yi maka ƙarya ba, amma bai kai ga ka haƙura ba tukuna. Abin da nake so ka riƙe shi ne, kunne da ido ba sa gano wannan ciwo da wuri. Awo kaɗai ke gano shi.

Kuben bawul, wanda makanikai ke ce wa gayid, ɗan siririn bututun ƙarfe ne da ake dasawa a cikin tof silinda, wato kan inji, sandar bawul tana kai da komo a cikinsa; bawul kuwa shi ne ke buɗewa da rufe hanyar shigar iska ko fitar hayaƙi. Aikinsa na farko ya riƙe bawul a miƙe domin kansa ya sauka daidai a kan mazauninsa. Na biyu ya kwashe wani ɓangare na zafin bawul ya miƙa wa tof. Bawul ɗin fitar da hayaƙi yakan kai zafin digiri 700 zuwa 800 a ma'aunin Salsiyas idan ana taka mota sosai, don haka aikin nan na biyu ba ƙarami ba ne.

Yanzu dubi injin da kake shirin saye. LS7 ne, mai lita 7.0 da ƙarfin doki 505, wanda aka sa wa Z06 daga 2006 zuwa 2013, kuma yana juyi har 7,000 a minti ɗaya. A wannan gudu kowane bawul yana buɗewa yana rufewa sau 3,500 a minti, wato kusan sau 58 a daƙiƙa guda, kuma kowane buɗi yana nitsawa wajen milimita 15. Roka da ke danna shi ba ta danna shi a tsaye cak, tana ɗan goga kansa ta tura shi gefe, kuben ne ke shanye wannan turi. Bawul ɗin shigar iska na taitaniyam ne domin ya yi sauƙin nauyi. Na fitar hayaƙi kuwa sandarsa rarake take, an zuba sinadarin sodiyam a ciki, wanda ke narkewa tun a digiri 98, yana kaɗawa sama da ƙasa yana ɗauko zafi daga kan bawul zuwa sanda. Dabara ce mai kyau, sai dai ma'anarta ita ce zafin da ke bi ta kube ya ƙaru.

Tazarar da ke tsakanin sanda da kube ba ta taka kara ta karya ba. Iyakar da kamfanin General Motors, mai ƙera Corvette, ya yarda da ita a wannan inji ita ce inci 0.0037, ƙasa kaɗan da kashi ɗaya cikin goma na milimita, wato kusan kaurin gashin kai ɗaya. Da zarar ta wuce nan, bawul ya fara rangaji. Gefe ɗaya na kansa zai riga ɗaya dukan mazauni, sanda ta ɗan tanƙware, ta miƙe, ta sake tanƙwarewa, dubban lokuta a kowane minti. Zafi kuma ba ya samun hanyar fita yadda ya kamata. Ƙarfe yakan gaji. Ranar da ya gaji, kan bawul ya ɓalle ya faɗa kan fistin da ke tahowa a guje, sai fistin da tof su tafi tare, wani lokaci har da gangar injin gaba ɗaya. Na taɓa buɗe wani inji bayan irin wannan ɓarna, na tarar da kan bawul ya nutse a cikin fistin, kuma mai motar ya rantse bai ji wata ƙara ba kafin abin ya faru. Na gaskata shi.

Kamfanin da kansa ya taɓa amsa cewa an sami kuskuren aiki a kuben wasu daga cikin injinan, kuma a 2015 wasu masu motar sun kai ƙara kotu a Amurka a kan batun. Abin da masu gyaran tof suka fi nunawa da yatsa shi ne rashin daidaito tsakanin ramin kube da da'irar mazauni. Idan tsakiyarsu ba ɗaya ba ce, bawul na sauka a karkace tun ranar farko, ci kuma ya fara tun motar tana sabuwa. Shi ya sa ƙarancin tafiya a agogon mota ba shaida ba ce. Duk da haka, injinan LS7 da yawa sun yi doguwar tafiya lafiya ƙalau.

Ba Corvette kaɗai ba ce. Ferrari F355 ta shekarun 1994 zuwa 1999, mai bawul biyar a kowace silinda, ta yi suna da saurin cin kuben tagulla, har daga baya aka koma na ƙarfe. Porsche 911 masu sanyaya inji da iska, musamman ƙirar 993, kuben ɓangaren hayaƙi kan saki, mai ya ƙone ya toshe ƙananan hanyoyin iska da ke cikin tof. Ka lura da wani abu: a Ferrari an gudu daga tagulla, a Corvette kuwa masu gyara da yawa tagullar suke sawa. Wannan ne ya sa ba na shiga gardamar wane ƙarfe ya fi. A ganina hannun da ya yi aikin ya fi ƙarfen muhimmanci.

Alamun da aka sani su ne shuɗin hayaƙi lokacin tayar da mota da safe ko lokacin da ka ɗaga ƙafa daga totur bayan gudu, raguwar baƙin mai, fulogi mai jiƙe da mai, da ƙarar ƙas-ƙas daga saman inji. Sai dai duk a makare suke zuwa. Sil, wato robar da ke hana mai zurarewa, idan yana da lafiya a saman kube yana iya tare mai ya ɓoye cin, shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji an canza wa mutum sil kawai an ce an gyara. Hayaƙin ya ɗauke, rangajin yana nan. Gwajin matsin silinda ma yakan fito da kyau alhali kube ya riga ya saki.

Awo iri biyu ne. Akwai wanda ake yi tof yana kan inji: a cire murfi, roka, sifirin (naɗaɗɗen ƙarfen da ke mayar da bawul) da sil, a kawo fistin sama don kada bawul ya zurma, a kafa agogon awo a jikin sanda a girgiza ta. Yana da sauƙi, kuma idan cin ya yi yawa zai nuna, amma sakamakonsa ya dogara da inda aka kafa agogon da gwanintar mai awon. Na biyu shi ne na gaskiya: a sauke tof, a auna ramin kowane kube a sama, tsakiya da ƙasa, domin bakinsa biyu sukan fi tsakiya buɗewa, a kuma auna kaurin sanda. Duka goma sha shida, ba biyu ko uku ba.

Ga shawarata. Tambayi mai motar ko an taɓa gyara tof ɗin, in ya ce an yi, ya nuna maka takardar aikin da alƙaluman awon. Tambaye shi kuma ko an canza kamshaf zuwa mai nitsa bawul fiye da na asali, don wannan na ƙara wa kube wahala. In babu takarda, ɗauka ba a yi ba, ka cire kuɗin aikin daga abin da za ka biya, kuma kada ka kai injin ƙarshen juyinsa kafin a auna.

Idan aka zo gyara, nemi wanda zai dasa sabon kube sannan ya yanka mazaunin daga tsakiyar wannan kuben, ya rubuta maka awon kowane ɗaya. A duba shafen da ke jikin sandar taitaniyam, in ya yi kaushi zai cinye sabon kuben ma. In aka ba ka shawarar sa bawul ɗin hayaƙi na ƙarfe cikakke maras rami, ka sani ya fi nauyi, dole a haɗa shi da sifirin da zai iya riƙe shi a babban juyi. Bayan nan, kullum ka bar baƙin mai ya ɗauki zafi kafin ka taka ta da ƙarfi. In mai motar ya yarda a auna kafin ciniki, ka turo mini alƙaluman mu duba tare.