Amsa ga mai tambaya kan darussan adabi, fim da kiɗa na manya

Malam, ka ce ka yi ritaya, ka duba jerin darussan da wata cibiyar karatun manya ta gabatar a shekarun baya, ka ga adabi da fim da kiɗa sun fi yawa, shi ne kake tambaya ko akwai amfani a karatun da babu jarrabawa kuma babu takardar shaida. Na daɗe ina halartar irin waɗannan azuzuwa, kuma ina tabbatar maka akwai amfani, sai dai ya danganta da darasin da ka zaɓa.

Da gangan aka cire jarrabawar. Pierre Vellas ne ya buɗe jami'ar dattawa ta farko a birnin Toulouse na Faransa a 1973, da tsarin ya ƙetara Ingila a 1982 kuwa, sai ɗaliban da kansu suka riƙa koyar da juna. A Amurka, gidauniyar Bernard Osher ta fara tallafa wa irin wannan cibiya a Jami'ar Southern Maine a 2001, yanzu cibiyoyin da take tallafa wa sun haura ɗari. Duk manufarsu ita ce mutum ya zo don yana son sani.

Shawarata ita ce ka nemi darasin da ya taƙaita a kan abu ɗaya. Wanda ya yi alkawarin kawo maka tarihin adabin duniya cikin makonni kaɗan, sunaye kawai za ka kwaso. Ajin da ya fi amfanata shi ne wanda muka shafe zango guda a kan littafi ɗaya, babi biyu kowane mako. Akwai wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya a cikinmu da ta gane ciwon da ke damun wani mutum a labarin tun kafin marubucin ya ambata, daga yadda aka bayyana numfashinsa kawai, malamin ma bai taɓa lura da hakan ba. Irin wannan ba ya samuwa sai a ajin da kowa ya zo da abin da rayuwa ta koya masa.

A darasin fim, ka tambaya ko malamin yana tsayar da fim a tattauna, domin idan kallo ne kawai, za ka iya yi a gida. Namu yakan kashe sauti ya maimaita fitowa ɗaya, sai ka fara ganin inda aka ajiye kyamara da lokacin da aka yanke hoto. A nan na san gwajin Lev Kuleshov, wani mai shirya fim na Rasha, wanda ya haɗa hoton fuska ɗaya da hotuna daban-daban, masu kallo suka ga yunwa a wani wuri, baƙin ciki a wani, alhali fuskar ba ta sauya ba.

Kiɗa kuwa kada rashin iya karanta alamominsa ya tsorata ka, yawancin azuzuwan na sauraro ne.

Idan ka koma kan jerin, ka lura da darasin da aka maimaita shekara bayan shekara, domin alama ce ɗalibai ne suka nemi a dawo da shi. Kafin ka yi rajista, ka tambayi yawan shafukan da ake karantawa a mako da yawan mutanen ajin, kuma ka fara da darasi ɗaya a zangon farko.