Shin ya halatta a nemi sassauci ga wanda aka yanke wa hukuncin kisa kan safarar ƙwaya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, an turo mini takardar koke ta intanet, ana neman a sa hannu don roƙon a sassauta wa wani saurayi da aka yanke wa hukuncin kisa saboda hodar iblis da aka samu a jakarsa. Zuciyata ta rabu biyu, domin ƙanena ƙwaya ce ta taɓa masa hankali, har yau bai dawo daidai ba. Wani abokina kuma ya ce duk wanda ya sa hannu ya bi 'yan kare haƙƙin ɗan Adam wajen yaƙar hukuncin Allah. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ƙanenka lafiya, ya ba ku ladan jinya.

Haramcin ƙwaya, shanta da sayar da ita da ɗaukarta, ba abin jayayya ba ne. Abu Dawud ya ruwaito daga Ummu Salama cewa Annabi (SAW) ya hana duk abin da ke bugarwa da duk abin da ke kashe jiki. Amma abokinka ya haɗa abu biyu da malamai suka raba, wato haddi da ta'aziri.

Haddi shi ne hukuncin da Allah ko Manzonsa suka iyakance. Idan ya kai gaban shugaba, ƙofar ceto ta rufe. Shi ya sa fuskar Annabi (SAW) ta sauya lokacin da Usama bin Zaid ya zo roƙon a kyale matar nan ta ƙabilar Makhzum da ta yi sata. Kashe mai safarar ƙwaya kuwa babu aya ko hadisin da ya ambace shi. Ijtihadi ne, ya shigo ta ƙofar ta'aziri, horon da aka bar wa shugaba ya auna. Ko kan cewa ta'aziri na iya kaiwa ga kisa an yi saɓani: Hanafiyya sun yarda da shi da sunan siyasa, wato matakin da shugaba ke ɗauka don maslahar jama'a, wasu Malikiyya sun yarda da shi a kan ɗan leƙen asiri, Ibn Taimiyya ya ce a kan mai ɓarnar da ba a iya tsayar da sharrinsa sai da kisa, mafi yawan Shafi'iyya kuma ba su kai shi can ba. A kan wannan fahimta Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta fitar da ƙuduri mai lamba 138 a shekarar 1407 bayan Hijira, wato 1987, cewa a kashe mai fasa-ƙwaurin ƙwaya zuwa cikin ƙasa. Ko su ma sun bambanta shi da mai tallarta a karon farko, wanda suka ce a ɗaure shi ko a yi masa bulala ko tara.

Aikin ƙasashen da kansu ya nuna ba haddi ba ne. Saudiyya ta sanar da dakatar da irin wannan kisa a farkon 2021, ta dawo da shi a Nuwamba 2022. Iran ta gyara dokarta a 2017, ta ɗaga nauyin tabar ofiyom da ke jawo kisa daga kilo 5 zuwa kilo 50. Abin da ake dakatarwa ana dawo da shi, ana ƙara masa ma'auni ana ragewa, ra'ayin shugabanni ne. Ceto a cikinsa kuma halal ne, har da lada, domin Bukhari da Muslim sun ruwaito: "Ku yi ceto, a ba ku lada." Masu kafa hujjar kisan da ayar hiraba, wato fashi da makami, aya ta 33 a Suratul Ma'ida, su tuna cewa ayar ta ambaci korewa daga ƙasa tare da kisa, kuma Imam Malik ya ce zaɓi yana hannun shugaba.

Abin da ya fi damuna shi ne wa ake kashewa. Babban dillali ba ya ɗaukar jaka. Yana zaune a inuwa, ya samo talaka da bashi ya yi wa katutu, ko yarinyar da aka yaudara da alkawarin aiki, ya saya mata tikiti. Ita ce za ta tsaya a gaban alƙali cikin harshen da ba ta ji, ta dangwala yatsa a takardar da ba ta iya karantawa ba. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Najeriya a Saudiyya kan tramadol da aka samu a jakar da ke ɗauke da sunanta. Bincike ya nuna wasu ne suka maƙala sunanta a kayan da ba nata ba, aka sake ta a Afrilu 2019. Da an yi gaggawa fa? A Singafo, inda giram 15 na tatacciyar hiroyin ya isa a rataye mutum, an rataye wani ɗan ƙasar Malesiya mai suna Nagaenthran Dharmalingam kan safarar hiroyin a Afrilu 2022 duk da jayayyar da aka yi kan ƙarancin hankalinsa. Shari'armu ta ɗauke laifi daga wanda aka tilasta da wanda hankalinsa bai cika ba. An ruwaito daga Sayyidina Umar cewa mutum ba abin amincewa ba ne a kan kansa idan ka bar shi da yunwa, ko ka ɗaure shi, ko ka doke shi. Idan shubuha tana tunkuɗe haddi, ina ga ta'aziri?

Su kuwa 'yan kare haƙƙin ɗan Adam, hujjarsu ita ce sashe na 6 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙoƙin jama'a da na siyasa, wadda ta taƙaita kisa ga mafi munin laifuka, kuma kwamitin da ke fassara ta ya ce laifin ƙwaya ba ya ciki. Masu neman a soke kisa gaba ɗaya, har da ƙisasi, ba mu tare da su, domin nassi ya tabbatar da shi. Amma idan suka ce a ba wanda ake tuhuma tafinta da lauya, a daina tatsar iƙrari da duka, ai wannan namu ne tun kafin su faɗa. Dacewa da su a nan ba ta mayar da gaskiya ƙarya.

Saboda haka, ɗan'uwa, ka karanta takardar da kyau. Idan tana roƙon a mayar da kisa zuwa ɗauri, ko a sake duba shari'ar, ga ɗan aike ko wanda aka yaudara ko wanda shari'arsa ke da rauni, sa hannunka halal ne, kuma ina fata ka sami lada. Idan tana ɗauke da ƙarya, ko halatta ƙwaya, ko ƙaryata ƙisasi, ko kuma ka san wanda ake roƙa wa gawurtaccen dillali ne da zai koma ruwa, to ka janye hannunka. Sassauci ba ya nufin a sake shi ya tafi gida; ɗaurin shekaru ma horo ne, kuma yana barin ƙofar tuba da ta gyara kuskure a buɗe. Idan kuma zuciyarka ta kasa saboda halin da ƙanenka yake ciki, babu laifi a kanka, domin ceton ba wajibi ba ne.

Wallahu a'alam.