Rumbun bayanai ya cinye mini sifili, ya kuma ƙara wa kuɗi jela

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Tudun Wada, Kaduna. Na rubuta wa kawuna 'yar manhaja da Python da SQLite don lissafin bashi a shagonsa na atamfa da ke Kasuwar Barci. Lambar waya idan na shigar da ita da 0803, sai ta dawo da 803. Jimillar kuɗi kuma wani lokaci tana fitowa da doguwar jela bayan ɗigo. Kwanan wata ma ya cakuɗe. Kawu ya ce gara littafinsa. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kawu yana da gaskiya a yanzu, amma gyaran ba mai nisa ba ne. Matsalolin nan uku uwarsu ɗaya: kana zuba bayanai cikin SQLite, wato rumbun da manhajarka ke ajiye bayanai, yadda suka zo, ka bar shi ya yanke wa kansa yadda zai ajiye su. Ɗan kasuwar hatsi ba ya haka. Wani ya kawo a buhu, wani a kwarya, amma kafin a zuba a rumbu da mudu ɗaya ake aunawa.

SQLite iri biyar kawai ya sani: NULL, INTEGER, REAL, TEXT da BLOB, wato babu komai, cikakkiyar lamba, lamba mai ɗigo, rubutu, da ɗanyen bayani. Bai san naira ba, bai san kwanan wata ba.

Ta waya ita ce mai sauƙi. Ka ayyana gurbin da lambar waya ke shiga a rumbun a matsayin INTEGER, shi kuwa SQLite idan ya ga rubutu mai kama da lamba a irin wannan gurbi sai ya mai da shi lamba, sifilin gaba ya tafi. Duk abin da ba a tarawa ba a debewa, rubutu ne ko da lambobi ne zalla: lambar waya, lambar asusun banki mai lamba 10, NIN da BVN masu 11. Mai da gurbin TEXT. Kafin ajiya kuma ka cire tazara, ka musanya sifilin farko da +234, don kada mutum ɗaya ya zama mutum biyu a littafin bashi.

Kuɗi ne wurin da nake so ka nutsu. Kwamfuta da tsarin lamba biyu take lissafi, sifili da ɗaya, kuma a wannan tsarin 0.1 ba ya ƙarewa, kamar yadda ɗaya bisa uku ba ya ƙarewa a namu. Buɗe Python ka tara 0.1 da 0.2, za ka ga 0.30000000000000004. Jelarka ke nan. Maganinta ka daina ajiye naira, ka ajiye kobo a cikakkiyar lamba. Naira 12,500.50 ta shiga a matsayin 1250050, ta fito a raba da 100. Wani zai ce wa ke ganin kobo a Kaduna yau? Ba a ganinsa a hannu, amma yana bayyana da zarar an cire kaso na ragi ko an raba bashi kashi uku.

Kada ka warwatsa wannan ninkawa da rabawa a ko'ina cikin manhajar, domin wata rana za ka manta a wuri ɗaya, atamfar dubu goma ta koma ta naira ɗari. Python ya tanadi ƙofa biyu. Da register_adapter kake faɗa masa yadda zai juya abinka kafin ya shiga, da register_converter kuma yadda zai dawo da shi. Ta biyun ba ta aiki sai ka saka PARSE_DECLTYPES a detect_types lokacin buɗe rumbun, kuma kalmar farko ta nau'in gurbin take dubawa. Saboda haka idan ka rubuta KOBO INTEGER, Python zai ga KOBO ya kira mai juyawarka, SQLite kuma ya ga INT ya ajiye cikakkiyar lamba. Ka sani ɗanyen bayani ake miƙa wa mai juyawar kullum, kai za ka mai da shi lamba.

Ga tarkon da masu koyo ke yawan faɗawa. Sai mutum ya ɗaura mai juyawar shiga, ta register_adapter, a kan Decimal kai tsaye, wato nau'in lamba mai ɗigo na Python. To daga ranar duk wani Decimal za a ninka shi da 100, har yadi 2.5 na shadda. Ka ƙirƙiri naka nau'in, ka kira shi Naira, ka ɗaura a kansa shi kaɗai. Kuma idan aka kawo masa abin da bai gane ba, irin “dubu biyar” da haruffa, ya ƙi karɓa da babbar murya. Na fi son manhajar da za ta tsaya ta yi ƙorafi a kan wadda za ta rubuta sifili ta yi shiru.

Kwanan wata: 03/04/2024 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris. Ajiye shi a tsarin ISO 8601, shekara, wata, rana: 2024-04-03. Haka yake jeruwa daidai ko da rubutu ne. Kada ka dogara da juyin da Python ke yi da kansa a nan, tun fitowar 3.12 a shekarar 2023 aka yi gargaɗin a daina amfani da shi. Rubuta naka.

Saura tsofaffin bayanan. Kwafi fayil ɗin tukuna. Lambobin waya suna gyaruwa, tunda lamba 10 ce ta rage, ka liƙa +234 a gaba. Kuɗi ka ninka da 100 ka daidaita zuwa cikakkiyar lamba. Kwanakin da ranarsu ta wuce 12 su ma a bayyane suke. Waɗanda rana da wata duk ba su haura 12 ba kuwa, ka roƙi Kawu aron littafin nan nasa ka bi su ɗaya bayan ɗaya.